Kututturan da Na Bar wa Haruna

Ruwan Gizo,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a Faru, ka sauke kaya, ka sha ruwa, gajiya ta bi lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa masu masaukinka su riƙe ka kamar ɗan cikinsu. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in tuna maka kada ka yi tafiyar yamma, kuma kada ka hau hanyar Maradun sai ka tambayi waɗanda suka fito daga can.

Na san za ka yi mamaki uban da kuke gida ɗaya ya rubuto maka wasiƙa. Na cusa ta ƙarƙashin sallayarka a cikin jaka ne domin bakina ya ƙi faɗin abin da ke cikinta, ko da yake na gwada sau biyu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni dai ranar tafiyar na fafe nawa, ka yi haƙuri da ni ka karanta har ƙarshe.

Shekaranjiya na sa ka yi mini alkawari biyu. Na farko, ran Talata mai zuwa za ka dawo da mota ka kwashi dashen da na yi raino a bayan gida, ka kai shi fakon nan da mutanen Faru suka damƙa maka ka farfaɗo. Na biyu, ba za ka taka wurin Baffanka Haruna neman shawara ba. Ka sunkuyar da kai ka ce to. Kai da bakinka ka gaya mini damina ɗaya dattawan garin suka ba ka, in ba su ga kore a wurin ba, za su buɗe filin kowa ya shiga, aikinka kuma ya tashi tun bai zauna ba. Na san da haka, kuma na ɗaure ka. Ba don dashena ya fi ba ne, Nasiru. Kishin ƙanena nake yi, yau shekara kusan talatin, kuma na ga ina neman in biya wannan kishi da daminarka.

Kuskurena na farko ranar rabon gadon kakanka ne. Lokacin ina sabon malamin gona, ga babur, ga takardar shaida, ina jin duk ƙasar Mafara ba wanda ya san ƙasa kamata. Gonar kakanka ta hanyar Jangebe aka raba mana biyu, ni da Haruna. Ɓangaren gabas fes yake, domin ni da kaina na yi rani biyu ina tone kututturansa ina cinna musu wuta. Ɓangaren yamma kuwa ba ka jan garma taku goma ba ka yi karo da kututturen sabara ko na kalgo ba. A wancan zamani gona mai tsabta ita ce mutuncin manomi, wanda aka ga toho a gonarsa ko a majalisa ba ya ɗaga murya. Malamin da ya yi rabon ya ce babba ya fara zaɓa. Ko kunyar ido ban ji ba, na nuna gabas. Aka juya ga Haruna, ya ce:

"Wanda duk kab bar min, Yaya, ya yi."

Har tausayinsa na ji ran nan, na ce a raina na bar yaro da wahala. Ashe dajin kakanmu duka yana nan kwance a ƙarƙashin nasa rabon, da saiwarsa da ransa, ni kuwa na ɗauki wanda na riga na kashe da hannuna.

Don haka in ka isa fakon Faru kada ka fara da igiyar awo. Ka bi shi da ƙafa, idonka a ƙasa kamar macen da ta yar da ɗan kunne. Duk kututturen da ka gani, kome ƙanƙantarsa, ka kankare ɓawonsa da wuƙa. In ka ga danshi, yana da rai, kuma saiwarsa ta daɗe da kai wa ga ruwan da ba za ka taɓa kai masa da jarka ba. Ka sa masa alama kafin masu gatari su riga ka.

Na shiga gonata da ƙarfina. Shekarar farko na kira tarakta ta juye ta kakaf, ban da wata kusurwa ta arewa mai duwatsu da direban ya ce ba zai karya ƙarfensa a kai ba. Gero ya yi kyau shekara uku, har ana nuna ni da baki a kasuwa. Daga nan ƙasa ta fara gajiya. Iskar bazara ta kwashe ta saman, ruwan sama ya wanke abin da ya saura, aka bar ni da jar ƙasa mai tauri wadda in ka sara mata fartanya sai ta yi tsalle ta dawo maka. In an yi ruwa, kafin ka isa gida ya gudu kwazazzabo. Ta zama fako, irin wanda ake jiran ka gyara yanzu.

Haruna kuwa ya tafi ci-rani wajen Maraɗi. Sauran samari suka dawo da rediyo da agogo, shi ya dawo da wata dabara da ya gani a gonakin can. Lokacin sassabe, maimakon ya share toho ya ƙone kamar kowa, sai ya tsuguna gaban kowane kututture ya zaɓi reshe biyu ko uku mafiya ƙarfi ya bari, ya datse sauran da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Sannan ya ɗaura wa kowanne tsumma, don masu neman itace su san yana da mai shi. Iyakar dabarar ke nan, ba ban ruwa, ba leda, ba layi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban mutane, na ce masa ya mayar da gonar ubanmu wurin shanyar tsummokara. Na kira shi rago. Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin dariyar. Ya kakkaɓe tabarmarsa ya wuce. Kalmar nan guda ita ta ɗaure ni duk shekarun nan, domin tun da na faɗe ta a bainar jama'a, dole Haruna ya zama rago, in ba haka ba ni ne maƙaryaci. Duk reshen da ya ƙaru a gonarsa sai in ji kamar shaida ne aka kawo a kaina. A Faru za ka tarar da tsofaffi suna yin abin da ba ya cikin littafinka. Ka tambaya, ka kame bakinka, ka bari damina biyu ta wuce kafin ka raɗa wa aikin mutum suna.

Da na ga tohon Haruna ya wuce tsayin mutum cikin 'yan shekaru, sai na ce bari in nuna masa yadda masu ilimi ke yin daji. Na hau babur zuwa Bakura wurin masu rainon itatuwa a bakin ruwa, na yo lodin dashen itacen turare da dogon yaro a cikin baƙar leda. Na ja igiya na jera su layi-layi, ko ɗaya bai karkace ba. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce Malam Umaru ya iya aiki. Da wannan yabo na rayu wata biyar.

Sai ruwa ya ɗauke. Na koma jigilar jarka a kan jaki, safe da yamma, har ruwan randar gida na riƙa ɗiba lokacin mahaifiyarka tana da tsohon cikin yayarka Hadiza, ba ta da ƙarfin zuwa rijiya. Allah Ya saka wa matar nan, ba ta taɓa goranta mini ba. Gara ta ci dashen daga ƙasa, awaki suka ci daga sama, bazara ta zo ta ƙarasa. Na tone guda da ya mutu, na tarar saiwar ta nannaɗe kanta yadda take a cikin leda, ba ta taɓa nitsawa ƙasa ba. Kana tsammanin na daddara? Sau uku ina sakewa. Duk wannan lokaci itatuwan Haruna ko kofin ruwa ba a taɓa ba su ba, suna ta tashi abinsu. Nakan tsaya kan iyaka in yi kamar ina gyaran shinge, alhali ƙirga masa itatuwa nake, wani abu yana cin ƙirjina. Akwai ranar da aka sa wa wata gona wuta can kudu da mu, iska tana kaɗowa, na tsaya ina fatan ta iso nasa. Na yi istigfari daga baya, amma na yi fatan, kuma ɗan uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba cewa nake dashe banza ne ba, kada ka ɗauke ni wanda maciji ya sara yana tsoron igiya. Dashe yana da wurinsa, wato inda ba kututture, ba iri a ƙasa. Amma shi ne ɗan lele a cikin dabarun nan, kullum sai an bi shi da ruwa da tsaro. In za ka yi, ka dasa iya abin da za ka iya shayarwa ranar da rijiya ta yi ƙasa, ba ranar da sama ke zuba ba. Ka dasa itacen da ya san ƙasarmu, ka jira ruwa ya zauna, ka duba saiwa kafin ka binne. Ni don a gani na yi nawa, shi ya sa na zaɓi masu saurin tsayi.

Da dashe ya kunyata ni, sai na koma ga iri. Na tattara 'ya'yan gawo da bagaruwa na ɓare, na shuka su kamar ana shukar dawa. Kwano guda cur, abin da ya fito bai cika yatsun hannu ba. A gonar Haruna kuwa gawo fitowa yake inda ba wanda ya shuka shi. Girman kai ya hana ni tambayarsa. Sai na tare Buba, makiyayin da ke sauka gonar Haruna kowane rani da shanunsa da awakinsa, wanda ni kuma na taɓa kora daga tawa da sanda a hannu saboda dashena. Na gaishe shi, na tambayi garke, na zagaya na zagaya, sannan na jefo tambayar kamar ba ta dame ni ba. Ya jingina da sandarsa ya yi murmushi ya ce:

"Malam, ɗiyan gawo ba su hita sai sun bi ta cikin akuya. Kai ko ka kori akuyar."

Abin haushin shi ne na san wannan. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri, cikin dabba ke tausasa shi, sannan ta faɗo tare da takinta. Wanda ba shi da dabba kuma yakan jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana. Na karanta, na ma taɓa koya wa manoma a gindin tsamiyar kasuwa, amma ranar da na zo yin nawa gaggawar in kamo Haruna ta rufe mini ido. Buba ya kuma gaya mini yadda suka shirya tsakaninsu. Bayan girbi garke ya shiga ya ci kara ya bar taki, amma gefen da ke da ƙaramin toho ba a shigarsa sai ya fi ƙarfin bakin akuya. In bazara ta tsananta, Haruna ya kaɗo musu 'ya'yan gawo ya sassabo musu ganye. Ba ƙaya, ba waya, magana ce kawai tsakanin mutum biyu. Ni na sa ƙaya aka ƙone ta, na sa waya aka kwance ta.

Kafin ka sara rami na farko a Faru, ka je ka gai da masu kiwon da ke bi ta wurin, ka zauna ka sha abin da suka ba ka. Ka tambaye su ta ina suke bi zuwa ruwa, ka bar musu hanyar. In suna cikin maganar su ne masu gadinka, in ka bar su a waje kuwa shingen duniya ba zai ishe ka ba.

Abu ɗaya na yi da ya yi kyau, kuma ka bar ni in yi taƙama da shi tun da ba ni da su da yawa. A kan fakon nan nawa na haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu yana kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka tono a jibge ta baya don ta tare shi. Na zuba taki a ciki. Garar nan da na tsana ita ta zo neman takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nitsewa. Aiki ne mai karya baya, sai da na kira gayya sau biyu, hannuna ya yi kanta. Daminar farko kyasuwa da harkiya suka fito a wurin da ko ƙarangiya ta guje shi, ta biyu na ga gamba. Inda ƙasa ta rufe bakinta, ban san dabarar da ta fi wannan ba, ko Haruna ba shi da kamarta. Ya zo da kansa ya tsaya ya duba, ya roƙi in nuna masa, ya je ya yi a wani ɗan fako da ke gefen tasa. Daga nan duk wanda ya tambaye shi sai ya ce Yaya ne ya koya masa. Ka san wannan ma ya ƙona mini rai? Yadda maganar ke fita bakinsa ba nauyi, ni kuwa ko da wuƙa a wuya ba na iya faɗin irinta.

Sai baƙi suka fara zuwa da motoci ganin gonarsa, hanyar kuma ta gonata ta bi. Su tsaya su yi sallama, in saki fartanya in taho da sauri, su ce, Baba, don Allah ina gonar Malam Haruna? Malam fa! Mutumin da ni na koya masa rubuta sunansa. Na koma mai nuna hanya. Akwai waɗanda na bi da su ta hanyar kwazazzabo, motarsu ta kafe, na tsaya daga nesa ina kallo. A gida kuma matarsa takan aiko da itacen girki daga rassan da ya datse, da magarya, wani lokaci har da zuma. Na ce ba a ƙara hura wannan itace a murhun gidana. Mahaifiyarka ta ce to, ta ci gaba da hurawa in na fita, don ba wani itacen a kusa. Tuwon da ya rene ka da itacen Haruna aka tuƙa shi, ni ma da shi na ƙoshi. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, rabin albarkar gonar nan ni na zuba mata.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya zo ta kanka. Da ka tashi rubuta littafin kammala karatunka na gandun daji, gonar Baffanka ka zaɓa. Ina hango ka daga tawa, tsugune gabansa da biro, yana magana kana rubutawa kamar ana karatun zaure. Ranar da ka kawo littafin in sa albarka, na buɗe shafin godiya na ga sunansa ya riga nawa. Na ce maka idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ƙarya ne, ras na gani, kuma bayan ka fita na sake dubawa ko na yi kuskure. Na yi kishin itatuwansa, na yi kishin baƙinsa, amma ban san zafin abin ba sai da na ga ɗana yana kallon wani da idon da nake so ya kalle ni da shi.

Sau ɗaya tak ka kawo littafin rubutunka gonata, kuma a kan wannan rana na ɗauki biro yau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka san kusurwar arewa, inda marke da kanya da aduwa suka yi duhu, wadda kake nuna wa abokanka kana cewa nan ne Baba ya yi dashe ya kama a kan fako. Ban dasa ko ɗaya ba. Shekarar da babur ya kayar da ni a hanyar Mafara na karye a cinya, kana ɗan shekara huɗu, na yi rani guda da damina a kwance. Haruna ne ya noma mini gonar. Kusurwar nan da tarakta ba ta shiga ba ashe akwai kututturai tsakanin duwatsu, kowace shekara ina share tohonsu ina ƙonawa ban ko kula da su ba. Da ya ga ba mai sharewa, sai ya yi musu abin da yake yi wa nasa, amma bai ɗaura tsumma ba don kada in ji labari. Da na miƙe na dogara sanda na je, na tarar da su sun kai ƙirjina. Na wuce kai tsaye wurinsa, na tambaye shi wa ya ba shi izinin yi mini shuka a gona. Ya bar abin da yake yi ya ce:

"Yaya, ban shuka maka komi ba. Iccen Baba na, tun dauri shina nan ƙasa, aski kawai niy yi mishi. In ba ka so, ga adda."

Na karɓi addar na koma. Na daɗe tsaye gaban wani marke, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na dawo gida. Da mutane suka fara tambaya, sai na ce dashe ne. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau biyu, har ni ma na soma yarda.

Ranar da ka zo da littafinka, Haruna yana tsaye tare da mu, ka tuna. Ka tambaye ni zurfin rami da yawan ban ruwa, na zayyano maka su daga kaina, kana rubutawa fuskarka cike da murna. Sannan ka juya ka tambaye shi ko haka aka yi. Ya dubi itatuwan, bai dube ni ba, ya ce:

"Abin da babanka yac ce maka, rubuta."

Ya rufa mini asiri a gaban ɗana, kuma wannan ne abin da na fi kasa yafe masa. Da ya tona ni da na samu abin riƙewa, in ce ga irin halinsa. Ya bar ni da hannu biyu ba komai. Na kuma san abin da ya sa ka amsa alkawarina shekaranjiya ba gardama, ba biyayya ce kaɗai ba. Kana ganin abin da ya yiwu a kusurwar Baba zai yiwu a Faru. Bai taɓa yiwuwa ba, ɗana. Da ka kwashi lodin nan ka jera a fakon mutane, da kafin bazara ta ƙare kana tsaye cikin busassun sanduna, dattawan Faru suna kallonka, kana neman inda ka yi kuskure alhali kuskuren yana nan gida zaune a kan buzu.

Alkawarin nan ni na karɓa, ni na mayar maka, ba nauyin komai a kanka. Ran Talata kada ka ɗauko mota. Ka zo a babur, ka zaɓi 'yan kuka da ɗorawa da tsamiya daga cikin dashen, iya waɗanda za su shiga kwali ɗaya, ka ajiye su don gurbin da ba abin da zai toho. Sauran zan raba wa makarantar allo da masallaci, inda akwai ruwan alwala. Ƙarfinka ka sa shi a kan kututturai tukuna, su ne za su nuna wa dattawa kore a daminar nan. Inda ƙasa ta rufe ka yi rabin wata, wannan kam ni za ka tambaya. Shafin nan na littafinka kuma ka soke shi, kada wani ɗan wani ya karanta ya yarda.

Sannan ka je wurin Baffanka, da rana tsaka, ta ƙofar gaba, ka ce ni na aiko ka. Ka roƙe shi ya bi ka Faru ko kwana biyu ne ya taka filin da kai, domin idonsa yana ganin rai a inda ni da kai muke ganin gawayi. In ya tambayi abin da ya faru, ka ce na gaya maka labarin kusurwar arewa. Ba sai ka ƙara komai ba. Sauran maganar tawa ce, kuma ina tara ƙarfin da zan kai masa ita da ƙafata.

Kada ka ɗauka na warke. Yanzu haka da nake rubuta cewa ka je wurinsa, biron nauyi yake yi mini. Ran Talata zan hango ku tare a kan babur, kuma na san abin da zan ji. Shi ya sa zan roƙe ka abu guda, ba umarni ba ne, roƙo ne na tsoho marar kunya. Ranar da ka ga toho na farko ya miƙe a fakon nan, ni za ka fara bugawa waya. Na san aikinsa ne, na san shi ya cancanta. Ka kira shi da zarar ka ajiye tawa, ko numfashi kada ka yi a tsakani. Amma ka bar ni in riga shi ji, in tashi in je gidansa in ce masa dabararsa ta kama a Faru. Ban taɓa kai wa ƙanena labari mai daɗi a kan aikinsa ba, kuma shekaruna sun fara ja.

Allah Ya kiyaye ka a tafiya da zama, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ku damina mai albarka, Ya sa mutanen Faru su yi farin ciki da zuwanka. Allah Ya ƙara wa Baffanka lafiya. Ni kuma ka riƙa sa ni a addu'a, Allah Ya wanke mini abin da ke ƙirjina, in kuwa da shi zan tafi, Ya sa ya tsaya a kaina kada ya gangara gare ka. Ka gai da mai masaukinka da iyalinsa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru